Ƙafar Maigidana da Jirgin Taurari

Da sunan Allah, wanda ke saukar da cuta ya kuma saukar da sauƙi. Ni ban yi karatu ba, ɗiyar ƙanena ce ke rubuta abin da nake faɗi. Na gaya mata in ta ga na yi shiru ta jira ni, kuka ne, zai wuce. Tun da maigidana ya rasu bara ba ranar da ba na yin sa, kuma ba na ɓoye wa kowa. Amma ba labarin rasuwarsa zan ba ku ba. Labarin wata jinya ce da na yi masa muna da sauran ƙarfinmu, 'yan shekaru bayan Turawa sun miƙa mulki, kuma yawancinsa abin dariya ne. Ina so masu jinya su ji, don mun yi wani kuskure da ba na so kowa ya sake.

Ba zan kama sunansa ba, ban taɓa kamawa ba yana raye. Mutane Mai Jirgi suke ce masa. Garinmu na bakin kogin Kwara ne kusa da Lolo, sana'arsa kuwa fito. Ranar kasuwa tun hantsi yake kai da kawowa, mutanenmu da kifi da albasa, mutanen Dahome, wadda yanzu ake ce wa Binin, da doya da atamfa. Mai fito da ƙafarsa yake ci. Tsaye yake wuni a ƙarshen jirgi da gorar tuƙi a hannu, in ƙafa ta tafi sana'a ta tafi, gida ma ya bi su.

Ciwon ya fara da farkon damina. Maigidana ya dawo daga bakin ruwa yana sosa jiki, ya ce zazzaɓi yake ji, na dafa masa ganye ya sha. Bayan 'yan kwanaki sai ga bororo a idon sawunsa na dama, yana zafi kamar an ɗora garwashi. Da ya fashe na duba, na ga kan wani abu fari kamar zaren ɗinki. Ban tambayi kowa ba, duk wanda ya girma a ƙasarmu a lokacin ya san kurkunu. Daga baya muka gane a kududdufin gonarmu ta tudu ya sha shi, tun daminar da ta wuce.

Makon farko na masu dubiya ne, kowa da shawararsa. Yayarsa, Yaya Ige, ta ce a yi sakiya, a gasa ƙarfe a soka wurin. Wani ya ce kashin shanu mai ɗumi. Wata tsohuwa daga Illo ta kawo ganyen tsamiya. Ganyen na karɓa na ɗaura, ƙarfen na ce sai an ga disfensa, mai kula da ɗakin magani. Yaya Ige ta ce tun da aka kawo ɗakin magani garin nan mata suka daina jin maganar manya. Na ba ta haƙuri, na kuma ɓoye ƙarfen a cikin rumbu.

Disfensanmu Mista Ojo ne, Bayarabe Kirista, ya daɗe a cikinmu har Dendanci, yaren mutanen bakin kogi, yana ji. Allah ya saka masa da alheri duk inda zuriyarsa take. Ya wanke ciwon, ya shafa shuɗin magani, sannan ya zaunar da ni ya koya mini aikin. Kullum da safe a jiƙa wurin, a kama kan tsutsar a naɗe a siririn kara, a juya a hankali. Da zarar ta yi tauri a tsaya, ko da ɗan abin da ya fito bai kai faɗin farce ba, a ɗaure karan da ƙyalle sai gobe. Ya ce tsawonta na iya kai hannun mutum, aikin makonni ne. Ya kafa doka biyu, kada ƙafar ta shiga kogi, kada kuma ya yi motsin da zai fizge karan. Ya ce in ta tsinke a ciki, abin da ya rage yakan ruɓe, kuma ya ga ƙafar da aka rasa ta haka.

Naɗin bai gagare ni ba. Zaunar da mutumin ne ya gagare ni. Ranar kasuwar Lolo ana jin mutane daga gaɓa suna kiran mai jirgi, wani ya amsa, ba shi ba. Na fito daga madafa na same shi ya ja gindi har bakin zaure, yana cewa iska kawai yake sha. Na kai ƙara wurin Mista Ojo. Ya yi dariya, ya ce da yamma zai zo da wani magani da ba a haɗiya.

Littafi ya kawo. Ƙanensa da ke aiki a Kaduna ya aiko masa. Ya ce labarin asalinsa wasa ne da ake nunawa a talabijin, sai wani ya mayar da shi littafi don waɗanda ba su da akwatin. Mu ba mu taɓa ganin talabijin ba, ya ce mu ɗauka rediyo ce aka yi wa taga. A bangon littafin akwai hoton mutane cikin matsattsun tufafi, kamar yadi ya ƙare wa tela. Bayan la'asar ya zauna a zaure, ya karanta kaɗan da Turanci a ransa, ya ɗago ya faɗa da Hausa. Ni ina bayan zana ina surfe, na rage ƙarfin taɓarya don in ji.

Labarin wasu mutane ne da ruwan ƙasarsu ya ƙafe, suka ƙera wani ƙaton jirgi suka shiga sama suna bin taurari ɗaya bayan ɗaya, suna neman inda za su zauna. Shugabansu ana ce masa kyaftin. Akwai wani mutum na ƙarfe da ke riƙe da tuƙi, ba ya barci, ba ya ci. Akwai kuma wata likita mace da ke warkar da rauni da hasken fitila.

Kafin mako ya zagayo zaurenmu ya cika. Masu dubiya da a da suke cewa sannu su tashi, yanzu sai an kira magariba. Na gode musu, amma zan faɗi gaskiya, geron da na tanada don damina a kununsu ya ƙare, kuma ba wanda ya taɓa tambayar inda kunun ke fitowa. Kowa da ra'ayinsa a kan littafin. Liman ya ce ko akwai mutane a taurari ko babu, Allah ya bar wa kansa sani, shi abin da ya dame shi yadda mutum zai gane alƙibla da lokacin salla a wurin da rana ba ta fitowa ba ta faɗuwa. Aka kwana biyu a kan wannan. Wani maƙeri ya ce mutumin ƙarfe ƙarya ne, don ba a faɗi mai shafa masa mai ba.

Babban mai baki shi ne Nomau, taubashin maigidana, mai fataucin busasshen kifi zuwa Kaduna. Tun suna yara ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Shi kaɗai ne a garin ya taɓa ganin wasan, ta tagar gidan wani ɗan sanda, cikin cincirindon mutane. Da aka miƙa masa littafin ya sa yatsa a kan hoton kyaftin.

"Wanga shi na. Na gan shi da idona shina tahiya cikin akwati. Sai dai ya hi haka ƙiba."

"Kai da ba ka jin Turanci, mi ka gane?" in ji maigidana.

"Na gane ya hi ka iya tuƙi, don shi bai taɓa juye buhun gishirin mutane a ruwa ba."

Daga ranar duk abin da Mista Ojo ya karanta, Nomau sai ya ce a talabijin ba haka aka yi ba. Mista Ojo ya ce shi littafin ya fi masa, don a littafi kana jin abin da kyaftin ke tunani a zuciyarsa, a akwati kuwa fuskarsa kawai za ka gani. Nomau ya ce ai fuska ta isa. Maigidana shi kyaftin ya sa wa ido, kamar yadda mai sana'a ke duban ɗan'uwansa. Ya yaba masa a kan ba ya ɗaga murya in jirgi ya shiga hatsari. Ya kushe shi a kan yana barin fasinja suna yawo a tsaye. Da safe ina naɗa kara yana maimaita mini abin da zai gaya wa Nomau da yamma, har ya manta da zafi. Makonni suka wuce haka, karan ya yi kauri da farin zare, Mista Ojo ya ce mun wuce rabi. Na ce lallai an samo magani.

To ga kuskuren. Mun lura littafin na zaunar da shi, ba mu lura gardamar na iya tayar da shi ba.

Wata yamma aka zo wurin da wasu mutane kaɗan suka fita cikin ƙaramin jirgi don gyara, an ɗaure shi da igiya a jikin babban. Sai wata guguwar wuta ta taso tana jan ƙaramin, ƙaramin na jan babban. Kyaftin ya ga in bai yi wani abu ba duka za su hallaka, da mata da yara. Ya sa aka yanke igiyar.

Na ji muryar maigidana ta canza. Ya sa Mista Ojo ya sake karantawa, ko ya yi kuskuren fassara. Aka sake, haka ne.

"Ba a yanke igiya," in ji shi. "Kaya aka zubarwa, ba mutane ba. Wanga ba mai jirgi ba na."

Nomau ya ce a talabijin ya koma ya ɗauko su. Mista Ojo ya ce shi dai a nan bai gani ba. Maigidana ya ce ko ya koma ko bai koma ba, tun farko akwai yadda ake taƙaita igiya a jawo ƙaramin jirgi ya kwanta a gefen babba. Nomau ya yi dariya ya ce mutumin da jirginsa bai taɓa wuce Gaya ta Nijar ba shi zai koya wa mai zuwa taurari aiki. Mutane suka yi dariya. Sai na ji motsi, ashe maigidana ne ya fizgi sandar Liman ya miƙe zumbur zai nuna musu. Karan ya saƙale a saƙar tabarma. Ban ji ƙara ba, sai dai na ji Mista Ojo ya kira ni da muryar da ban taɓa jin ya yi ba. Tsutsar ta tsinke a ciki.

Kafin kwana biyu ƙafar ta kumbura har gwiwa, tana sheƙi, kaluluwa ta fito, zazzaɓi ya rufe shi. Mista Ojo ya yi masa allura, bai ga sauƙi ba, ya ce wannan ya fi ƙarfin ɗakin maganinsa, sai babban asibiti a birni. Na sayar da ragona da tasoshin aurena. Aka kwantar da shi a cikin jirginsa kamar buhu, wani yana tuƙi, shi yana kallon sama yana gyara wa mutumin riƙon gora. Daga can gaɓa muka samu motar kifi ta hanyar Zagga. Warin kifin nan da girgizar hanyar, har yau ban manta ba.

Asibiti kuwa, wanda bai je ba ya shirya haƙuri. Layin karɓar kati daban, layin ganin likita daban, kuma in ka tashi shan ruwa ka koma baya. Mu masu jinya a gindin itatuwa muke kwana, muna girki a kan duwatsu. Matan Yawuri da na Argungu da na samu a can suka raba itacensu da ni, ban san sunan ko ɗaya ba yanzu, Allah ya san su. Wata nas ta yi mini tsawa a gaban mutane don ta ga ragowar ganye a ƙafar, na yi kuka a bayan ɗaki. Ita ce kuma daga baya take kawo mini ruwan zafi a ɓoye. Cikin zafin zazzaɓi maigidana ya riƙa tambaya ko an koma an ɗauko mutanen ƙaramin jirgi. Maƙwabtan gadonsa suka ɗauka danginmu ne ruwa ya ci, suka yi ta yi mini ta'aziyya. Na rasa ta inda zan fara bayani, na ce amin.

Likitan Ba'indiye ne, da tafinta yake magana. Ya tsaga ƙafar ya fitar da mugunya mai yawa. Kwanaki ana jira a ga ko kumburin zai sauka ko zai hau, kuma kowa ya san abin da za a yi in ya hau. Allah ya sa ya sauka. Ranar sallama likitan ya juya ƙafar ya nuna mini wani sabon bororo a bayan dunduniya. Wata tsutsar ce ta biyu. Maganarsa ta zauna mini har yau, tafinta ya ce, "Likita ya ce ya bar masa ƙafar, amma bai yi alkawari ba. In wannan ta tsinke, in kun dawo ba magani za a yi ba."

Muka koma gida, zaure ya zama kango. Mista Ojo yana zuwa ya wanke ciwo ya tafi, littafin bai ƙara ɗaukowa ba, yana ganin laifinsa ne. Nomau ko ƙofar bai iya bi, sai ya aiko da kifi. Maigidana ya daina ci, ya daina magana, sai sauraron bakin ruwa. Ruwa ya cika, fito ya yi kyau, wani yana kwashe masa mutanen da ya saba da su. Wata ranar kasuwa na same shi ya ɗaure ƙafar da tsumma yana gwada takawa da sanda. Ya ce zama ma mutuwa ce. Nan na gane in na bar shi haka, kafin mako zai shiga ruwa.

Na yafa gyale na je wurin Mista Ojo na ce ya dawo da littafin. Ya ce, "Uwargida, littafin nan ne ya kai ku asibiti." Na ce shi ne kuma ya zaunar da shi wata guda, abin da ni da Yaya Ige da Liman muka kasa. Daga nan na wuce gidan Nomau. Ya sunkuyar da kai ya ce ya rantse ba zai ƙara buɗe baki a kan taurari ba. Na ce to ka yi kaffara, don bakin nake so, in ba gardama ba zai zauna ba. Ya ce in ya sake miƙewa fa? Na ce wannan aikina ne.

Da la'asar maza suka taru. Na shigo da tabarmata da ƙwaryar ruwa, na zauna a gefensa, na ɗauki ƙafar na ɗora a cinyata. A garinmu mace ba ta zama a zaure cikin maza, balle ta riƙe ƙafar miji a gabansu. Kowa ya kau da ido. Liman ya yi gyaran murya ya ce lalura ce, a ci gaba. Maigidana kunya ta kama shi har kunnensa, amma na san abin da na yi. Mutum irinsa zai iya fizge ƙafa daga tabarma, ba zai iya fizge ta daga cinyar matarsa a gaban mutane ba, don sai ya hankaɗe ni. Yaya Ige ta yi mako ba ta amsa gaisuwata. Daga baya ita ke damo kunun.

Tun da ga ni a wurin, Nomau ya ce a ji ta bakina. Na ce ni mutumin ƙarfe nake tausayi, shi ke aikin duka kuma ban ji wanda ya taɓa ce masa sannu ba. Na ce kuma wanda ya rubuta littafin nan bai taɓa jinya ba, da ya taɓa da bai ce ana haska fitila ciwo ya rufe ba, ba wanki, ba wari, ba mai haƙuri da ke zagin mai ba shi magani. Mista Ojo ya yi dariya har ya cire tabarau. Sai maigidana ya ce to igiyar fa, ai ko mace ta san ba a yankewa.

Na ce, "Ni ina bayan kyaftin."

Na ji ƙafar ta motsa a hannuna, na danne.

"Malam, da likita ya tambaye ni a asibiti, ƙafa ko mutum, da na ce a yanke. Na riga na shirya amsar, ba a tambaye ni ba na."

Ya daɗe yana kallona, kamar yau aka kawo ni gidansa. Can ya ce ƙafa daban, mutane daban. Na ce ga mai yankewa duk ɗaya ne. Nomau ya ce shi dai ya gode Allah da ba a jirgina yake fito ba. Dariya ta ɓarke, har shi maigidan. A daren ya ci tuwo ya nemi ƙari.

Littafin ya ƙare kafin tsutsar ta gama fita, saura kaɗan ne dama. Ƙarshensa sun samu wata ƙasa mai ruwa sun sauka, mutanen ƙaramin jirgi kuwa ba a gan su ba, sai dai kyaftin kullum yana zuwa wurin na'urar sauraro ko zai ji kiransu. Nomau ya ce an cuce mu, talabijin ta fi adalci. Maƙeri ya ce a ba shi littafin ya hura wuta. Liman ya ce ƙarshen ya yi daidai da duniya. Mista Ojo ya ce da ma ya gaya mana littafin ya fi. Maigidana ya ce marubucin da na akwatin duk maƙaryata ne, amma a koma wurin guguwar a sake karantawa, akwai abin da bai ji da kyau ba. Ashe ban buƙaci wani littafi ba. Maganar igiya kaɗai ta ci mana sauran makonnin, garin ya rabu biyu, har mata a bakin rijiya. Na mayar da naɗin kara lokacin gardama, don a nan ne ba ya jin komai.

Ga abin da nake so mai jinya ya riƙe. A tace ruwan sha da ƙyalle, an ce kurkunu ya ƙare a ƙasarmu amma kududdufi bai ƙare ba. Kada a sa gaggawa a abin da ke son a hankali. A karɓi shawarar dangi da hannu biyu, a tambayi mai sani kafin a yi aiki da ita. Kuma mai ciwo ba ƙafa ba ne kawai, in ba ka samar wa kansa abin yi ba zai ɓata maka aikin da ka yi a jikinsa. Sai dai abin da ka samar masa, ka zauna kusa ka tsare.

Ranar da abin ya ƙare, gero ya fara fitar da kai. Maigidana ya samo sabuwar hujja, yana bayani da hannu biyu yadda da kyaftin ya juya hancin babban jirgi ya fuskanci guguwar, da igiyar ta yi sanyi da kanta. Nomau yana cewa a sama ba hanci ba wutsiya. Ni ina juya kara a hankali, ina jiran taurin da na saba ji in tsaya. Bai zo ba. Na ƙara juyawa, sai ga siririyar wutsiya mai ɗan lanƙwasa ta zamo ta kwanta a yatsana, cikakkiya, ba tsinkewa. Mista Ojo ya gani, ya rufe littafin ya ɗora hannu a ƙirji.

"Malam," na ce, "ta hita."

Ya duba karan, ya duba ƙafar, ya motsa yatsunta ɗaya bayan ɗaya.

"Alhamdu lillahi. Sannu da aiki." Ya juya. "Nomau, ina munka tsaya?"

Ya ci gaba da maganar hancin jirgi. Da ƙafar nan ya yi fito har tsufa ya karɓi gorar daga hannunsa, da ɗan ɗingishi kaɗan da Nomau bai bar tsokana a kai ba. Amma a yammacin nan, ko da yake ba sauran dalilin barinta a cinyata, bai janye ta ba har aka kira magariba, ni ma ban ce ya janye ba.

Allah ya jiƙansa, ya haskaka makwancinsa, ya ba duk mai kwance lafiya da mai zama kusa da shi.